Tsohuwa a Tashar Al Rigga

Wata tsohuwa ta zube a tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga a ƙasar Larabawa, farar mace mai ɗankwali, tana ta maimaita wata kalma. Ma'aikatan agaji suka gwada Larabci da Turanci, ba ta amsa ba. Wani mai shago ya gwada Rashanci, ya girgiza kai.

Cikin 'yan kallo akwai wani ɗan kasuwa Bakano da 'yarsa da ta zo masa hutu. Uban ya so ta zama likita, ita kuwa ta zaɓi tarihin harsunan Slav, dangin Rashanci. Don kunya, ko abokansa ba ya gaya wa abin da take karantawa.

Budurwar ta durƙusa, ta kasa kunne, sannan ta furta wasu kalmomi a hankali. Tsohuwar ta damƙe hannunta.

"Ciwon zuciya gare ta," budurwar ta gaya wa ma'aikatan. "Maganinta yana aljihun rigarta ta ciki."

Aka samo shi, aka ba ta. Kafin a ɗauke ta, numfashinta ya daidaita.

"Yaushe kika koyi yarenta?" uban ya tambaya.

"Ban iya shi ba, Baba. Na wani ƙauye ne a duwatsun Bulgariya, yau na fara jin sa. Tsohon harshen da ya haife shi na karanta. Kakar na sani, sai na gane jikar."

Wani ma'aikaci ya tambaya ko wace ce wannan.

Uban ya gyara hularsa, ya ɗaga murya yadda har na bayan taron za su ji.

"'Yata ce."