Abin da Bai Shiga Sabon Faifai Ba

Garba yana cikin buɗe bayan wata kwamfuta Hajo ta yi sallama a ƙofar shagonsa da ke Ƙofar Marusa. Ya amsa a daƙile, don addini ya ce a amsa. Gaisuwar da ake ja a Katsina har a tambayi gajiya da iyali, su biyu a kalma uku suka gama ta.

Hajo yayar tsohuwar matarsa ce. Shekara uku ke nan da ɗiyarsa Fadila ta rasu a gidan su Hajo na Kambarawa, wata biyar bayan mutuwar auren, tana da shekara huɗu. Wayarsa mai hotunanta an sace ta tun kafin nan. Sau shida yana zuwa gidan yana roƙon hoto ɗaya tak. A zuwa na shida Alhaji Sada, mahaifin su Hajo, ya rantse a gaban mutane cewa babu ɗan gidansa da zai miƙa wa Garba hoton yarinyar. Hajo ce ta rufe ƙofa a bayansa ranar, kuma bai manta ƙarar sakatar ba.

Yau ga ta da laftof a hammata, fuska ba annuri.

"Nauyi take yi mani," ta ce. "A maida komi nata cikin wannan."

Ta ajiye sabon faifan ajiya, irin mai saurin nan da ake kira SSD. Garba ya juya kwalin, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Giga ɗari da ashirin da takwas. Tsohon faifan da ke cikin laftof ɗin kuwa giga ɗari biyar ne, kuma ya kusa cika.

"Hajiya, wa ya ba ki shawara? Kin zo da kofi kin ce a juye randa."

"Ni na zaɓa. Abin da ya shiga shi shiga, wanda bai shiga ba a bar shi a tsohon."

Ya kunna ya duba. Manhajar kwamfutar da tarkacenta za su shiga har da sauran wuri. Folda ɗaya ce ta cinye fili, giga ɗari uku da ɗoriya, an sa mata suna Takardun Ofis. Bai buɗe ba. Garba yana da halaye marasa daɗi da dama, amma leƙen kayan mutane ba ya ciki, kuma da wannan yake tinƙaho a layin masu gyara.

"Tsohon fa?" ya tambaya.

"Shi zauna wurinka. Ka duba shi da kyau, Malam Garba."

Ta fita tana waige-waige, kamar mai gudun a gan ta a layin. Wannan waigen ya fi komai ƙona masa rai. Masu gyara sun fi ashirin tsakanin Kambarawa da nan, amma shi ta tsallako ta samu, ta maida shagonsa ɗakin ajiya, sannan tana kunyar a gan ta a ƙofarsa.

Aikin dai ya yi shi yadda ya kamata, don hannunsa bai iya ha'inci ba. Ya rage girman ɓangaren da manhajar take, ya kwafe ta zuwa sabon faifan, ya ɗaura. Laftof ta tashi kafin ya ajiye sukundireba.

Sai ya juya kan tsohon faifan da ke kwance a tebur. Takardun ofis. Hajo ma'aikaciyar gwamnati ce, shekara goma sha biyar tana aiki, ƙila duk guminta yana cikin foldar nan. Wata rana za ta dawo nema, ta tsaya inda ya taɓa tsayawa, ta roƙi abin da ba za ta samu ba. Zuciyarsa ta yi masa daɗi da wannan tunani, daɗi mai ɗaci.

Gogewa iri biyu ce, kuma ya san su duka. Akwai ta sama-sama, wadda ƙwararre zai iya dawo da abin da aka share. Akwai kuma wadda ake bin faifan lungu-lungu ana rubuta sifili a kan komai. Ta biyun ya zaɓa. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, har sau biyu. Ya tabbata.

Awa uku aikin ya ci. Ya je ya yi azahar, ya ci shinkafa da wake, ya dawo ya zauna yana kallon layin yana cika a hankali. Bai taɓa jin daɗin jiran kwamfuta irin na ranar ba.

Bayan la'asar ta dawo. Ta kunna laftof ɗin, ta rufe ba tare da ta duba komai ba. Garba ya ƙagu ta tambayi tsohon faifan, amsar tana kan harshensa tun azahar. Ba ta tambaya ba. Fuskarsa kawai take kallo, kamar mai neman wata alama, har ya ji kallon ya dame shi.

Ta kai bakin ƙofa, ta leƙa titi hagu da dama, sannan ta juyo ta sassauta murya.

"Abban Fadila, Baba ya sa an goge hotunanta na kowace waya a gidan, wai ganinsu na tada ma uwarta ciwo. Ni dai ban miƙa maka komi ba, faifai ne ya yi mani kaɗan. Hotunanta da bidiyonta tun ranar suna, nan kaɗai suka rage a duniya, ka riƙe su da kyau."