Katin Manaja

"Inna, kin taɓa aikin shara a ofis?" in ji matar da ke zaune kusa da manaja.

"'Yar nan, ni da kullum nake share ɗakin da ba mai kwana a ciki, ofis ne zai gagare ni?"

Matar ta yi dariya. Shi kuwa manaja, tun da Inna ta shigo bai ɗago kai ba, sai juya biro yake yi.

Ita dai, jama'a, ba aikin ne ya kawo ta ba, gwiwoyin ma sun daɗe da yin murabus. Katinsa take so. 'Yar maƙwabta ta koya mata yadda ake yi: a bari a gama tambayoyi, a roƙa da ladabi, a karɓa da hannu biyu.

Da aka sallame ta, ta ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, ko zan samu katinka?"

Manaja ya ajiye biron. Sannan ya zaro ɗaya ya miƙo. Ta karɓa kamar ƙwai.

A bakin ƙofa ta miƙa wa maigadi katin da 'yar wayarta.

"Bawan Allah, saka min lambar nan, idona ba ya gani. Ta da ɗin ta daina shiga tun bara."

Maigadi ya latsa.

"Wane suna zan sa? Manaja?"

Inna ta goge ido da bakin mayafi.

"A'a. Sa Autana."