Wuƙar Hanyar Maska

Tana jin motsi cikin gonar dawa, sai ta ga wuƙar har ta zo hannunta.

Tun shekarar da mahara suka ƙone ƙauyensu ba ta ƙara bin hanyar Maska da kwandon zarenta hannu sake ba. Wani tsohon maƙeri a Ƙarfi ne ya zaɓa mata wuƙar. Ya ture dogayen gefe, ya ce, "Waɗannan na masu son a gan su ne. Ɗauki gajerar nan, 'yata, za ta kwanta miki a damtse." Damina guda ya yi yana koya mata a jikin kabewa. "Tsaya ta gefe. Soka ƙasan haƙarƙari, ki ruga. Kada ki tsaya kallo."

Yanzu ga raɓa tana sheƙi a kan ganye, gari shiru, dawa tana rausaya kamar ruwan tafki. Ta ratsa karan a hankali.

Wata mata ta tarar durƙushe, zane a yage, guntun igiyar mahara na ɗaure a ƙafarta.

"Baiwar Allah, ki taimake ni," in ji matar cikin nishi. "Ya fito."

Jariri ne kwance kan ganyen dawa, jikinsa na tururi. Mai zaren ta ɗauraye wuƙar da ruwan gorarta, ta yi bisimilla, ta yanke cibiya.

Da ya callara kuka, tsuntsayen gonar duka suka tashi sama.