Ɗaurin Ragon Kwamanda

Tun da aka kafa dokar cewa hafsan sojan ruwa ba zai ci fansho ba sai na'ura ta goge sirrin aiki daga kansa, hankalin Ladidi bai kwanta ba. Ranar da mijinta, Kwamanda Isyaku, ya dawo daga gogewar, sai ta miƙa masa igiyar ragon layya. Kowace shekara shi ke yi wa ragon ɗaurin jirgin ruwa, wanda ba ya kwancewa.

Ya tsaya yana jujjuya igiyar a hannu.

"Sun ce sirri kawai suka cire," in ji shi.

"To, Alhaji, a wace tashar jirgi muka fara haɗuwa?"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi mata irin murmushin da ake yi wa baƙuwa.