Ƙwai da Barasa a Tsakiyar Tafki

Shekarar da ruwan dam ya janye har tsohon ƙauyenmu ya fito fili, Mama ta ce kada in kunto kwalekwale, da ƙafa za mu je wajen Baba.

Tun da gwamnati ta nutsar da ƙauyen don masana'antun lardi su samu wuta, ba mu taɓa fashin ranar ziyarar matattu ba. Mutane su zauna su ci abinci a bakin kabarin nasu, mu kuwa mu shiga kwalekwale. Ina tuƙi, tana auna hasumiyar cocin da ta leƙo saman ruwa, har ta ce, "Tsaya, nan ne." Sai ta jefa dafaffen ƙwai da ta rina ja, ta tsiyaya barasa, ta ba ruwa labarin shekara.

Ran nan muka ratsa taɓo, ta ja ta tsaya daidai inda ta saba tsayar da ni. Gicciyen ƙarfe ne, duk ya yi tsatsa. Na kankare laka na karanta sunan.

"Mama, ai wannan na maƙwabcinmu ne, mai kiwon zuma. Na Baba yana can bayan coci. Duk shekarun nan ashe wani ke cinye ƙwanki!"

Ta shimfiɗa ƙyalle, ta fasa ƙwai a jikin gicciyen, ta ɓare shi a natse. Ta dubi sunan, ta dubi kunnuwana fato-fato irin na mai zuman, waɗanda babu mai irinsu a danginmu kaf.

"Na iya karatu," in ji ta. "Cire hularka, ka gaishe shi."