Ƙudan Dakta

Kawu Direba ya sha faɗa wa mutane cewa tun da aka haife shi gabansa bai taɓa faɗuwa ba. Ya ce ya taɓa gangarowa daga kan tudu da mota babu birki, yana hamma. In aka matsa masa, yakan cire abu uku: allura, karen maƙwabcinsa, da uwar yaransa. Ranar da nake ba ku labari ya samu na huɗu, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Yana tuƙa wata Dakta ce mai binciken ƙwari. Da safe a bakin rafi ta kama wani ƙuda ta sa a kwalba, ta zuba masa ido. Ta ce shekara da shekaru tana yawon jeji ba ta taɓa ganin irinsa ba, ƙila ma ba wanda ya taɓa ba shi suna. Guda ɗaya tak ta samu. Da suka dawo ma'aikata ta miƙa wa Kawu kwalbar, ta ce ya biyo ta da ita, ta yi gaba don buɗe ɗakin bincike.

A bakin ƙofa maigadi ya tare shi.

"Kawu, yau kuma iska aka aike ka da ita? Kwalbar ai ba komai ciki."

"Idonka ne ba komai ciki. Zo ka ga abin da ni na hango wa Dakta."

Ya ɗan ɗaga murfin. Kaɗan fa. Da ya sake dubawa, maganar maigadi ta zama gaskiya.

Wannan aikin ƙanin matarsa ne ya samo masa, bayan an sallame shi a wurare biyu saboda surutu. Uwar yara kuwa ta riga ta faɗa masa, in aka kore shi a nan, kada ya dawo mata da labari, ya wuce da shi gaba.

Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin mota. Daga ƙarshe ya zagaya wajen kwandon shara, ya kife kwalbar a kan wani koren ƙuda. Ƙuda dai ƙuda ne, in ji shi. Ya share gumi ya shiga.

Dakta ta ɗago kai, ta tsaya cak. Ba ta kalli idonsa ba. Kawu ya ce a ransa, shi ke nan, fushin har ya kai ba ta son ganin fuskata. Ya kai hannu zai cire hula don ladabi.

"Bar ta," in ji ta a hankali. "Ajiye kwalbar. Zauna nan, kada ka motsa."

Ta kashe fanka. Ta ja taga ta rufe. Ta lallaɓa ta bayansa ta tura ƙofa, ya ji ƙarar sakata har cikin haƙoransa. A bango akwai akwatunan gilashi cike da ƙwari, kowanne an soke shi da allura a baya. Kawu ya ƙirga kansa a cikinsu.

"Kawu, wannan ne ƙudan da na ba ka?"

"Shi ne, ranki ya daɗe."

"Yi magana ba tare da ka gyaɗa kai ba. Nawa siriri ne. Wannan na ga ya yi ƙiba."

"Hutu ne, Dakta. Kin san motarki da daɗin zama."

"Nawa ƙafafunsa dogaye ne kamar zare, in ya tsaya sai ka ce ya hau kan sanduna."

"Sanyin mota ne ya sa ya naɗe su."

Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne, ba halin sharewa. Ita kuwa ta ci gaba da lissafi, muryarta ƙasa-ƙasa, idonta can saman goshinsa kamar mai tuno wani da ya rasu.

"Bayansa kore ne mai sheƙi, da ratsin ruwan zinariya. Idonsa ja. A bakin kowane fiffike akwai baƙin ɗigo. Ƙafafun gaba kuma, a can ƙarshensu, akwai ɗan farin gashi kamar tuta. Wannan tutar ce ta bambanta shi da duk 'yan'uwansa. Yakan ɗaga ta, ya sauke."

Kawu ya saci kallon kwalbar. Ƙaton banzan yana ta goge hannu, ba tuta ba dalilinta.

"Gashin ya zube a hanya," ya ce da muryar da shi kansa bai gane ba. "Kin san gargada."

Dakta ta ɗauki wata kwalba, ta riƙe ta a wuya, ta nufo shi tana taka ƙasa kamar kyanwa. Kawu ya tuna yaransa. Ya tuna ƙanin matarsa. Ya fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa.

"Dakta, in rantse miki? Tun da kika ba ni kwalbar nan murfinta bai ɗaga ba."

Ta ɗaga hannu sama da kansa. Ya runtse ido, ya jira jini.

Abin da ya ji kawai shi ne bakin kwalba ya sauka a hankali a tsakiyar kansa.

"Riƙe rantsuwarka, Kawu," in ji ta. "Wanda na ba ka yana kan hularka tun da ka shigo, shi nake ta kallo ina siffanta maka."