Hodar Ummulkhairi

Ni na riga kowa gani, ni da fari uku suka wuce ta kaina ban mutu ba!

Ummulkhairi, jikar Mahaman, masaniyar sinadarai ce. Shekara huɗu tana haɗa hodar da ke riƙe wa ƙasa danshi. Ta gwada a ɗan yankin gonar kakanta, bakin tabkin Madarumfa. Ruwa ya ɗauke kwana ashirin. Geron kowa ya ƙone, na yankin nan ya yi shar.

Yau ga kamiyo, babbar motar kaya, cike da buhunan hodar.

"Kaka, ta yi aiki!" in ji ta. "Ƙauye goma na Gabi za su shuka da ita."

"Amaryata, can akwai tabki kusa?"

"Me za su yi da tabki, tsoho? Ga hoda!"

Mahaman ya dubi fuskarta. Kamiyo ya tashi.

Tun ranar da geron yankin nan ya fara lanƙwashewa, kullum da sassafe Mahaman ke jido ruwa daga tabki, bido biyu rataye a sanda, yana zuba wa geron a ɓoye, don kada yarinyar ta ji kunya.

Mai musu ya je ya ɗaga rigar Mahaman, ya dubi kafaɗarsa.